Inda na kai da LaTeX da LibreOffice wajen rubuta dogon rahoto

'Yan uwa masu koyo, ga inda aiki ya tsaya a neman da nake yi na manhajar da za ta maye mini gurbin Microsoft Word wajen rubuta rahoton fasaha mai babi da yawa, da lissafi, da jadawali, da manazarta. Biyu na sa a gaba, LibreOffice Writer da LaTeX, dukansu kyauta ne, kuma kowa na iya duba yadda aka gina su har ya gyara.

LibreOffice, wanda aka cire daga jikin OpenOffice a 2010, bai ba ni wahala ba, domin duk wanda ya saba da Word ba zai daɗe yana lalube ba. Yana ba da damar ajiye kowane babi a fayil nasa, sannan a tara su ƙarƙashin babban fayil guda, abin da ke sauƙaƙa wa kwamfuta mai ƙaramin ƙarfi. Rauninsa yana fitowa ne idan takarda ta yi ta kai-komo tsakaninsa da Word, inda jadawali kan goce, lissafi kuma ya sauya kama.

LaTeX ne ya fi cin lokacina, kuma a ganina ya cancanta. Leslie Lamport ya gina shi a kan TeX, wanda Donald Knuth ya fitar a 1978 saboda bai gamsu da yadda ake buga lissafi ba. Marubuci ba ya jera shafi da hannunsa. Umarni yake rubutawa, manhajar ta tsara. Da na ƙara lissafi ɗaya a tsakiyar babi na biyu, lambobin duk waɗanda suka biyo bayansa suka gyaru da kansu, har da wuraren da na ambace su a babi na biyar, tun da kowanne na riga na ba shi suna da \label, na kira shi da \ref. Wannan kaɗai ya isa dalili ga mai rahoto mai shafi ɗari ko fiye.

Ga mai rubutu da Hausa akwai wani tarko. pdfLaTeX, injin da aka fi amfani da shi wajen mayar da rubutun LaTeX ya zama PDF, yakan tsaya da ƙorafi da zarar ya ci karo da ƙ ko ɗ ko ɓ. Maganin shi ne a koma XeLaTeX ko LuaLaTeX, wasu injinan masu yin wannan aikin, a kira fontspec, ƙunshin umarnin zaɓen haruffa, a zaɓi haruffan da ke ɗauke da ƙugiyoyinmu, irin su Charis SIL, wanda har ƴ da ake rubutawa a Nijar yana da shi. Sai kuma batun data: cikakken TeX Live, tarin manhajojin da ake sakawa a kwamfuta domin LaTeX ya yi aiki, gigabait da yawa ne, takwaransa MiKTeX kuwa ƙarami ne amma yana sauko da abin da yake buƙata a kai a kai, don haka gara a karɓi TeX Live a filasha daga wajen wanda ya riga ya sauke.

Abin da ban samu mafitarsa mai gamsarwa ba shi ne mai duba aiki. Malamai da abokan aiki da yawa fayil na Word suke so, su yi gyara a ciki ana ganin sawunsa. Pandoc, manhajar sauya nau'in fayil, yana juya LaTeX zuwa docx, wato fayil na Word, amma lambobin lissafi da jadawali masu sarƙaƙiya sai an bi su ɗaya bayan ɗaya. Saboda haka shawarata ita ce a tambayi mai dubawa tun kafin a rubuta layin farko: idan zai karɓi PDF ya yi sharhi a kansa, a kama LaTeX, idan ba zai karɓa ba, LibreOffice ya fi zama lafiya. Manazarta dai na tara su a Zotero, manhajar adana manazarta, wanda ke aiki da dukansu biyun.

Yanzu jadawalin da ya wuce shafi ɗaya nake gwadawa da longtable, ƙunshin LaTeX na dogon jadawali, domin kan jadawalin ya riƙa maimaituwa a saman kowane shafi.