Ribar takarda da ribar aljihu

Darasi mafi wuyar shiga kan masu zuba jari a Kaduna, daga ma'aikacin gwamnati har ɗan kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, shi ne cewa ƙaruwar lamba a takardar CSCS, wato kamfanin da ke ajiye lissafin hannun jarin kowa, ba ita ce riba ba. Sai an yi lissafi tukuna.

A ce mutum ya sayi hannun jari na naira 500,000 a farkon 2024, shekara ta ƙare darajarsa ta kai 600,000. Kamfani ya raba riba, rabonsa 30,000, amma an cire harajin kashi 10 tun kafin kuɗin su iso, ya karɓi 27,000. La'adar dillali da kuɗin hukumomi, na saye da na sayarwa, a ce sun ci 15,000. Abin da ya rage 612,000. A cire uwar kuɗi, a raba 112,000 da 500,000, riba ta zama kashi 22.4 cikin ɗari.

A nan akasari ake tsayawa ana murna, kuma a nan kuskuren yake. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 a Disamban 2024. Wato kayan da 500,000 ta saya a farkon 2024, a ƙarshen shekarar sai da 674,000. Mai jarin nan ya yi asarar kusan 62,000 ta ƙarfin saye, ko da yake nairorinsa sun ƙaru. Ga shi kuma ma'aunin NGX, wato kasuwar hannun jari ta Najeriya, gaba ɗaya ya tashi da sama da kashi 37 a shekarar, to zaɓin nasa ma bai kamo kasuwa ba.

Wani wurin da lissafi ke rikicewa shi ne ƙara kuɗi a tsakiyar shekara. Wanda ya zuba ƙarin 200,000 a watan Yuni kada ya ƙirga su cikin riba. Ya rubuta ranar kowane saye, yawan hannun jarin da farashinsa, ya auna kowane zubi da tsawon zamansa.

Faɗuwa kuwa ba ta daidai da tashi. Jarin da ya zube da kashi 50 sai ya ninka kansa kafin ya koma inda yake.

Masu gudun kuɗin ruwa da suka rungumi Sukuk na gwamnatin tarayya, wato jarin da ake biyan kuɗin haya a kansa maimakon ruwa, wanda aka fara a 2017 da kuɗin haya kashi 16.47 a shekara, su ma wannan awon ya hau kansu: hayar a tsaye take, farashin masara a Kawo kuwa ba ya jiran kowa. Kuma kafin a ce an ci riba, a ware zakka idan dukiyar ta kai nisabi kuma shekara ta zagayo.