Godiya ga Hajiya mai tuwo da duk wanda ya tsaya mana

Alhamdulillahi. Jiya bayan La'asar aka sallame mu daga asibitin Barau Dikko da ke Kaduna, mai jego da jaririyar duk suna gida. Kwana 23. Ba sai na maimaita ba, kun bi mu tun daren da aka shiga da ita tiyata har ranar da aka fito da yarinyar daga kwalba. Ni dai yanzu barci nake nema.

Amma akwai wadda ba zan iya kwanciya ban ambata ba, ko da yake ta ce kada in kuskura. Hajiya mai tuwo ta layinmu a Tudun Wada, ki yi haƙuri.

Tun ina saurayi nake cin tuwon shinkafa da miyar taushe a rumfarta. A kullen korona na 2020 a kwano take aiko mana har gida. Da takardun kuɗi suka ɓace a farkon 2023, littafi ta ajiye, kowa ya ci ya rubuta. Na ɗauka na gama sanin halinta.

Dare na tara ne likita ya ce mu dage da addu'a, numfashin yarinyar yana sama yana ƙasa. Na sauka daga keke wajen sha ɗaya, Hajiya ta riga ta kife tukwane. Na zauna a benci ban ce uffan ba, ita ma ba ta tambaye ni ba. Yaronta kawai ta ce wa, "Hura wutar nan." Ta ɗumama miya ta ajiye a gabana. "Ci, ɗana, ba a jinya da yunwa." Loma ta biyu hawaye suka ƙwace min. Sai ta juya baya ta kama wanke kwanukan da na san an riga an wanke, har na gama.

Daga washegari, kullum da sassafe kunun kanwa a fulas da farfesu a kula suna isa asibiti. Yau na je da kuɗi, ta ce, "Tashi ka ba ni wuri. Wa ka taɓa gani ya sayar da kunun jego?"

Hajiya, Allah Ya sa ki gama da duniya lafiya. Allah Ya raya miki zuri'a, Ya jiƙan mahaifanki, Ya sake kai ki Ɗakinsa, Ya shayar da ke ruwan Alkausara.

Nas-nas na ɗakin jarirai, abokan majalisa biyu da suka ba da jini, da maƙwabciyarmu da ta riƙe mana yara, Allah Ya saka da alheri. 'Yan'uwa na nesa sun yi ta waya. Na nan Kawo kuwa har yau ba mu ji sallamarsu ba, Allah Ya sa lafiya.

An raɗa suna tun muna asibiti. Walima ranar Asabar bayan Azahar in sha Allahu, tuwon daga rumfar Hajiya za a kawo.