Tarihin Rayuwata, Kashi na 12: Ranar da Aka Wanke Kafireta daga Zargi

Makon jiya na tsaya a inda Kawu, makanikin injin jirgin ruwa, ya yarda in riƙa binsa bakin ruwa, na huta da zaman wankin sifana. Aikin farko da na gani da idona na wani dattijo ne mai jigilar kaya, injin jirginsa mai ƙarfin doki 40, irin wanda ake gauraya wa fetur da baƙin mai.

Tun daga nesa yake mita. An wanke masa kafireta, an sake wankewa, an canza fulogi, duk a banza. Ja ɗaya injin ke tashi, ya yi ta ɗiri lafiya lau, amma da an kai tsakiyar ruwa an murɗa totur sai ya shaƙe ya mutu.

Kawu bai ko buɗe murfin injin ba. Ya ce, "Alhaji, mu shiga ruwa in ji da kunnena." Ni kuwa ya zaunar da ni kusa da tanki, ya ɗora hannuna kan ƙwallon robar nan da ke tsakiyar tiyon da ke kai mai daga tanki zuwa inji, wanda ake matsawa kafin a tayar da inji. "Kada ka matsa, ɗan nan. Riƙe kawai, abin da ya yi ka faɗa mini."

Ba mu yi nisa ba na ji yana motsewa a tafin hannuna har ya lafe. Na ce, "Kawu, ya shanye!" Kafin in rufe baki injin ya yi shiru.

Muna nan ruwa na jan mu a hankali Kawu ya yi mini karatun. Famfon inji na zuƙa, mai ba ya tahowa, shi ya sa ƙwallon ya lafe. Ke nan toshewar tana bayansa, ta wajen tanki. Da a ce matsawa ake yi ya ƙi tauri, to iska ce ke shiga ta wani tsage, ko bawul ɗin cikinsa ya saki. In kuwa inji na shirin mutuwa ka matsa ya farfaɗo, sai ka tuhumi famfon mai na jikin injin, galibi robarsa ta huje. Har yau ban ga na'urar gwajin da ta kai wannan ƙwallo faɗin gaskiya ba, amma mutane gudu suke su kwance kafireta, don ita ce mai suna.

Ya fara da abu mafi sauƙi, ƙaramin sukurun shan iska da ke kan murfin tanki. In aka manta shi a rufe, iska ba ta maye gurbin man da ke fita, sai inji ya ji yunwa. Na Alhaji a buɗe yake. Rariyar cikin tanki ma fes.

Da filafili muka dawo gaɓa. Kawu ya zaro wuƙa ya tsaga tiyon a tsaye. Daga waje sumul yake, ba ko karce, amma fatar ciki ta ɓamɓaro ta naɗe kamar busasshen ganye. In ana tafiya a hankali mai na ratsawa ta gefe, da zuƙa ta yi ƙarfi sai fatar ta rufe hanya ruf. Tsufa da zafin rana na jawo haka, fetur mai haɗin etanol kuma yana cin tsohuwar roba ta ciki.

Alhaji ya jujjuya tiyon a hannunsa ya ce, "Malam, wannan ɗan abin ne ya hana ni barci?"

Muka sa sabon tiyo mai faɗin milimita 8, wanda aka yi don fetur, da sabon ƙwallo, kibiyar jikinsa na kallon inji. Kawu ya sa na ɗaure kowace gaɓa da kilif, ya canza zoben robar da ke bakin mahaɗi, ya kwance filta ya karkaɗe ɓurɓushin roba a tafinsa ya nuna mini. Na ɗaga ƙwallon kibiya sama na matsa har ya yi tauri. Aka ja igiya, Alhaji ya murɗe totur har ƙarshe, injin bai ko yi tari ba.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan kawo labarin tankin da ruwa ya kwanta a gindinsa, ranar da Kawu ya bar ni ni kaɗai da mai jirgi.