Asabar, bayan zama da 'yan matan ekklisiya

Ƙarfe goma na dare, an ɗauke wuta, sanyin Jos ya fara shiga ƙashi, amma barci ya ƙi zuwa.

Yau da yamma muka zauna da 'yan matan ekklisiyarmu, daga mai shekara 13 zuwa mai 18, a kan batun kame kai kafin aure. Wata baƙuwa ce ta fara magana. Ta zo da fure guda, ta ce a miƙa shi hannu hannu. Da ya dawo a yamutse, ta ɗaga shi sama ta ce, "Wa zai so wannan?" Ɗakin ya yi tsit. Na san da kyakkyawar niyya ta yi, amma raina ya sosu. Na hango wata yarinya a bencin baya ta sunkuyar da kai, tana ta murza bakin ɗankwalinta.

Da aka zo kaina, na karanta masu 1 Korintiyawa 6:19, inda Bulus ya ce jikinmu haikalin Ruhu Mai Tsarki ne. Na ce masu ana tsare haikali ne saboda darajar wanda ke zaune a ciki. Muka kuma duba labarin Yusufu da matar Fotifar a Farawa 39. Ba mai ganinsa a gidan nan, amma ya bar rigarsa ya gudu, don bangaskiyar tasa ce, ba wanda ya ɗora masa.

Wannan ne ke damuna da alkawarin kame kai da ake sa yara su ɗauka a gaban jama'a. A Amurka, Baftis suka fara shirin True Love Waits a 1993, matasa suna sa hannu a kati. Wani bincike da Janet Rosenbaum ta wallafa a 2009 ya nuna bayan shekara 5, halinsu a kan jima'i kafin aure bai bambanta da na takwarorinsu masu irin ra'ayinsu da ba su sa hannu ba, kuma kashi 82 cikin 100 sun ce ba su taɓa ɗaukar alkawarin ba. Na yarda da kame kai har cikin zuciyata, amma kati ba ya shiga ɗaki tare da yarinya.

Daga ƙarshe na ajiye kwano, na ce kowa ta rubuta tambaya ba suna. Wata ta tambayi abin da za ta yi da mutumin da ke biya mata kuɗin makaranta. Wata ta ce me ya sa ba a tara samari. Gaskiyarta, kuma gobe zan kai wa Fasto maganar.

Takarda ta ƙarshe, da jan biro: "Mama, idan an riga an yi fa, Allah zai karɓe ni?"

Muryata ta yi rawa. Na buɗe Yohanna 8, matar da aka kawo gaban Yesu a jefe ta, ya ƙi hukunta ta, ya ce ta tafi kada ta ƙara. Na ce, "'Yata, ko wace ce ke, zai karɓe ki. In kuma tilasta maki aka yi, laifin ba naki ba ne. Ƙofata a buɗe take."

Takardar na cikin Littafi Mai Tsarki nawa. Gobe bayan sujada zan daɗe a bakin ƙofa, ko za ta zo.