Gasar masu kuɗin Italiya ta bar ni da ciwon gwiwa

Kwana huɗu na yi a Fulorans, wato Firenze a bakin ƴan garin, kuma har yau gwiwata bata yafe min ba. Ni na jawo ma kaina. Na rantse sai na hau saman kubbar babban cocin nan nasu, matakala 463 ba lif, hanya matsattsiya kamar lungun cikin birni, ga wani bature a bayana yana ta huci a ƙeyata. Kubbar ashe biyu ce, ɗaya cikin ɗaya, ta tsakaninsu ake hawa. Brunelleschi ne ya gina ta daga 1420 zuwa 1436 da bulo sama da miliyan huɗu, kuma bai kafa katakon tokara daga ƙasa ba. Abun da ya ban dariya shine cocin tun 1296 aka fara shi, sun zana shi ƙato don su fi maƙwabta alhali ba wanda ya san yadda za a rufe saman, wai Allah ya kawo mai dabara daga baya. Kuma ya kawo ɗin.

Uffizi, gidan adana zane-zanen garin, ban daɗe ba, zane ya min yawa har ido ya daina gani. Gunkin Dauda na Michelangelo ma na je, dutsen marmara guda mita biyar da ɗoriya, jijiyar hannunsa kamar jini na gudu ciki, amma fa bawan Allah ko ɗan kamfai babu, na kalla na wuce. Gadar Ponte Vecchio tafi burge ni. Da mahauta ne a kanta suna watsa ƙazanta cikin kogin Arno, a 1593 gidan Medici masu mulkin garin suka gaji da wari suka kore su aka zuba maƙeran zinare, har yau su ne a wajen. Na leƙa farashin wata sarƙa na ja ƙafata salin alin.

Siyena kuwa, kai. Awa ɗaya da ƴan mintuna ne a bas, kana shiga kasan garin ya tsaya cak a wani zamani. Su ma ciwonsu Fulorans ce. A 1339 suka ce za su faɗaɗa cocinsu har wanda ake da shi ya koma ɓangare ɗaya kawai na sabon, aka fara, bango ya tashi, sai annobar 1348 ta faɗo garin ta kwashe jama'a, aiki ya tsaya kenan. Bangon na nan tsaye da ƙatuwar taga ba rufi ba komai, iska na wucewa ta ciki. Wallahi na fi minti talatin a gindinsa ina kallo, duk marmaran Fulorans bai taɓa min zuciya haka ba, ya tuna min kangon da mai shi ya rasu magada suka kasa ƙarasawa.

Gasar dai bata mutu ba, ta koma kan doki. Unguwanni 17 ne a garin kowacce da tutarta da dabbarta, ranar 2 ga Yuli da 16 ga Agusta ake sukuwar Palio a dandalin Campo, dawaki goma zagaye uku ba sirdi, kuma ko mahayi ya faɗi in dokin ya riga isa to unguwarsu ta ci. Ni da na tashi da kallon hawan daushe na so ganin wannan, sai dai ba lokacinsa na je ba.

Ranar ƙarshe San Gimignano, sai da na sauya bas a Poggibonsi. Tun daga nesa zaka hango hasumiyoyi cirko-cirko a kan tudu, ance da 72 ne yanzu saura 14, kowane gidan attajiri na son hasumiyarshi ta ɗara ta maƙwabci ko da kamu ɗaya ne. Wadda tafi tsawo mita 54, ana hawa in ka sayi tikiti. Na ɗaga kai na kalle ta, na kalli gwiwata, na juya na bi layin masu sayen ayis kirim.