Wanda ya rubuta lissafi ba shi zai bincika shi ba

Ni akanta ce, ina riƙe wa wasu 'yan kasuwar Kantin Kwari da Singa littattafai. Duk lokacin da banki ya nemi ɗayansu ya kawo lissafin da odita, wato mai binciken lissafi, ya sa wa hannu, sai na ji: "Hajiya, ba ke kike mana ba? Ko ba su yarda da ke ba ne?" Tambayar tana damuna, don tana nuna mun ɗauki bincike a matsayin zargi.

Aikina na kullum ne. Dila nawa ta shigo, atamfa turmi nawa ta fita, wa ya ɗauki kaya bashi zuwa Maraɗi, kuɗin shago, ladan 'yan dako, abin da ya shigo ta POS. Ƙarshen shekara in tattara, in fitar da riba ko asara, da abin da Alhaji ya mallaka, da abin da ake binsa.

Odita sai na gama yake zuwa, kuma ba ya rubuta mini komai. Zai tsinci wasu cinikayya ya ce a kawo rasit. Zai gwada littafina da takardar banki. In na rubuta ana bin wani miliyan biyar, shi zai aika wa mutumin takarda ya tabbatar da bakinsa. Zai shiga sito ya ƙirga kaya da idonsa, har ya tambayi dalilin da shaddar da ta shekara uku ba ta fita ba take nan a kan farashin sabuwa. Sannan ya rubuta ra'ayinsa: lissafin ya nuna gaskiyar halin kasuwancin ko bai nuna ba. Ba farautar ɓarawo ya fito ba, ko da yake yakan ci karo da shi.

Karatunmu kusan ɗaya, a ICAN ko ANAN, ƙungiyoyin ƙwararrun akantoci na Najeriya. Abin da ya raba mu shi ne ni 'yar gida ce, shi kuwa dole ya zama bare. Kamfanin Enron na Amurka ya durƙushe a 2001, kuma masu bincikensa, kamfanin Arthur Andersen, suna karɓar kuɗin bincike suna kuma karɓar na ba da shawara daga hannu ɗaya. A gwamnati ma Akanta Janar daban, Odita Janar daban, rahoton na biyun majalisa yake zuwa.

Inda abin ya fi ci mini rai shi ne ƙungiyoyinmu na unguwa da kwamitocin masallaci. Ma'aji shi ke karɓa, shi ke rubutawa, shi ke karantowa, kowa ya ce "Allah ya saka da alheri". Ranar da aka fara tsegumi, mutumin kirki ba shi da shaidar da zai kare kansa.

Dokar kamfanoni ta 2020 ta ɗauke wa ƙananan kamfanoni wajabcin naɗa odita. Duk da haka ina roƙon waɗanda nake wa aiki su kira wani daga waje ya ƙirga sito ya duba basussuka sau ɗaya a shekara, kafin a zauna lissafin zakka.