Ƙafata da Ɗan Injin Batir

Da safe ƙafata ta dama kamar busasshen ice take tashi. In na ce zan lanƙwasa ta, sai ta miƙe da kanta, yatsun su kalli ƙasa. Ni kuwa tela ce a Unguwar Rogo a nan Jos, da ƙafa nake taka keke. Bayan hoton ƙwaƙwalwa na MRI likita ya ce ciwon MS ne: garkuwar jikina ce ke cin rigar da ta lulluɓe jijiyoyin ƙwaƙwalwa da laka, saƙo ya iso wa tsoka a hargitse, ita kuma ta ɗaure.

Maganin Baclofen ya sassauta ta, amma ya sa ni gyangyaɗi da almakashi a hannu. Sai likitar gashin ƙashi da motsa jiki ta gwada min TENS, ɗan inji kamar wayar hannu mai aiki da batir, da faci da ake mannawa a fata don ya tura 'yar wutar lantarki kaɗan. Kafin ta kunna sai da ta tabbatar ba ni da ciki, ba a kuma dasa min na'urar bugun zuciya ba. Ji na yi kamar tururuwa na yawo a sha-raɓata.

A gida na yi wauta biyu. Na ƙure ƙarfinsa, wai don ya fi ci, tsokar ta ƙara damƙewa, fatar ta yi ja. Sannan na bar motsa jiki, na kwanta ina jiran inji. Mako biyu, shiru kake ji.

"Hajiya," in ji likitar, "injin ƙofa kawai yake buɗe miki, ke ce za ki shiga."

Yanzu da na cire facin, tun tsokar tana laushi, nake ɗaura ɗankwali a tafin ƙafa in ja a hankali, daƙiƙa 30, sau biyar. Fizga ita ke tayar da ita. Daga nan in dafa bango in tashi, in zauna.

Sanyin Disamba na Jos yana ƙara ɗaure ni, ruwan zafi sosai kuma yana kashe min jiki, don haka da mai ɗumi nake wanka. Ranar da ƙafar ta ƙi inji ta ƙi ɗankwali, ashe ciwon sanyi ne a mafitsara; da aka yi maganinsa ta saki.

Ɗinkin Sallar bana kaya takwas kawai na karɓa. Hagu ke taka keken, dama tana ɗan taya ta.